Ido Lafiya Lau, Ciwon Yana Bayansa

Ni tela ce. Ina 'yar shekara 14 Inna ta kai ni gidan wata maƙwabciyarmu a Funtua koyon ɗinki, kafin in gama sakandare har na fara karɓar kayan mutane. Na fara da wannan ne don a gane abin da ya sa babu wanda ya yarda ganina yana tafiya, har da ni kaina. Yarinyar da ke zura zare a kafar allura bayan magariba da hasken tocilar waya, wa zai ce mata tana makancewa?

Abin ma ba ta ido ya fara ba. Wajen Babbar Sallar 2021, ina da shekara 22, al'adata ta ɗauke. Wata ɗaya, na ce gajiyar ɗinkin Sallah ce. Wata biyu, wata uku, shiru. A lokacin an riga an kawo kuɗin gaisuwata, ana maganar sa rana. Ni dai na san tsakanina da Allah ban aikata komai ba, amma kowa ya san tambayar farko da ake yi wa budurwar da ta ce ba ta ga jininta ba. Sai na kama bakina.

Sannan wata safiya na ga damshi a gaban rigata. Na matsa, sai ga wani farin ruwa kamar nono. Ranar ƙafafuna kasa ɗaukata suka yi, na zauna a bakin katifa ina salati. Daga nan na koma wanke rigar ciki da daddare, in shanya a bayan ƙyauren ɗaki.

Abin da na fi jin kunyar faɗa shi ne wannan. A gidanmu ana lura da wadda ke fashin salla. Don kada a ce wata da watanni ban taɓa fashi ba, sai na riƙa ƙirƙiro kwana biyar a kowane wata, in ƙi fitowa alwala a tsakar gida, in shige da buta banɗaki kamar zan kama ruwa, in dawo in turo ƙofa in yi sallata a ɓoye. Da azumin 2022 ya zo, na yi kwana shida ina nuna kamar na sha, alhali bakina a rufe yake. Mutane na ɓoye cewa ba su yi salla ba, ni ina ɓoye cewa na yi.

Goggona ce ta fara gano ni. Ba ta yi min faɗa ba, ta ja ni wani kemis nesa da unguwarmu aka yi gwajin fitsari. Da aka ce babu ciki, ta sauke ajiyar zuciya, ta ce, “To alhamdulillahi, sanyi ne kawai.” A wajenta magana ta ƙare ke nan, tunda abin da ake tsoro bai faru ba. Aka haɗo min jiƙe-jiƙen sanyin mara, na sha galan guda. Zancen ruwan nono kuwa ko ita ban gaya wa ba.

Ciwon kai ya zo da nasa salon, wani nauyi a goshi da bayan idanu kamar an ɗaura min ɗankwali an tamke. Na ɗora wa ɗinkin dare laifi, na riƙa haɗiyar farasitamol kamar gyaɗa.

Sai kuma ƙananan abubuwan da kowa ya mayar abin dariya. In zan fita ɗaki kafaɗata ta hagu ta bugi gefen ƙofa. In yi fatali da buta. In ajiye almakashi a gefen keke in yi ta nemansa, ƙanwata ta ce, “Yaya, ga shi fa kusa da hannunki.” Wata Hajiya mai kawo min ɗinki ta yi fushi ta kwashe atamfofinta, wai ta tsaya a gefena a gidan biki tana ɗaga min hannu na ɗauke kai, kuɗi sun fara sa min girman kai. Wallahi ban gan ta ba. Rannan kuma zan tsallaka titi, na duba gabana fes, sai jin ƙarar burki na yi, ɗan acaɓa ya tsaya har tayarsa ta taɓa zanena. Ya zazzage ni, ya ce, “Ke makauniya ce?” Na dawo gida ina ba da labari ana dariya.

Na je wani shagon gilashi. Aka sa ni karanta haruffan allo, na karanta har kusan layin ƙasa. Mutumin ya ce idona ƙalau, gajiya ce, ya sayar min da tabarau da maganin ɗigawa. Bai tambaye ni ko ina ganin gefe ba, ni ma ban san tambaya ce da ake yi ba.

Da abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, sai aka koma zancen jifa. Budurwa an kusa aurenta, ga ciwon kai, ga jini ya ɗauke, ai lissafin a bayyane yake: ko sammu, ko namijin dare. Aka yi ruƙiyya, aka yi hayaƙi, na sha rubutu. Ba na raina addu'a, har gobe ina tofa wa kaina ayoyin neman waraka. Abin da ban yafe wa ba shi ne bakin da ya ce wa Baba wannan ba ciwon asibiti ba ne, allura ma tana iya fusata su. Wannan maganar ta ci mana watanni.

Kwalli ne ya tona asiri. Wata Juma'a ina gaban madubi, na rufe idon dama zan zizara, sai fuskata ta ɓace. Hazo kawai, kamar tsakiyar hunturu. Na buɗe, ga ni. Na sake rufewa, babu ni. Ashe idon dama ne ke ta rufa wa ɗan'uwansa asiri, ban san tun yaushe ba. Na yi ihu har Inna ta yar da muciya.

A watan Nuwamba na 2022 Yayana ya ɗauke ni zuwa babbar cibiyar kula da ido ta ƙasa da ke Kaduna. Likitar da ta gan ni ta zauna daf da ni, ta ce in rufe ido ɗaya in kalli hancinta, ta riƙa kawo yatsunta daga gefe. Sai sun zo kusan tsakiya nake ganinsu. Ta tura ni wani ɗaki aka sa haɓata a jikin wata na'ura mai kama da ƙwarya, aka ba ni maɓalli in danna duk lokacin da na ga ɗigon haske. Takardar da ta fito tana da da'ira biyu. Ta dama rabinta na waje baƙi ƙirin, kamar an raba faifai da wuƙa. Ta hagu kusan duk baƙi.

Ta haska cikin idona ta daɗe tana kallo. Sai ta ce wa Yaya, “Malam, ɗan ba mu wuri.” Da ya fita ta rage murya ta ce, “Ƙanwata, yaushe rabonki da al'ada?”

A asibitin ido! Na kalle ta, kawai sai na fashe da kuka. Wata 16 ina dakon wannan maganar, ban taɓa zaton a wajen likitar ido zan sauke ta ba. Ta ce, “Nono yana fitar da ruwa?” Na gyaɗa kai. “Ciwon kai fa?” Na sake gyaɗawa. Abubuwa uku da na kai wa mutum uku daban, kemis da mai gilashi da malamin ruƙiyya, ita ta ɗinke su wuri ɗaya cikin minti biyu.

Ta jawo takarda ta zana min. A ƙasan ƙwaƙwalwa, can bayan hanci, akwai wata 'yar tsoka da ba ta fi ƙwayar wake ba, likitoci na kiranta fituwitari. Ita ce ke aika sinadaran da ke ba sauran sassan jiki umarni: al'adar mace, ruwan nono, girman jiki, ƙarfin jure wahala. Daidai samanta kuma jijiyoyin gani guda biyu suke haɗuwa su gitta juna, kamar mararraba, kafin su wuce cikin ƙwaƙwalwa. Zaruruwan da ke gittawa a tsakiyar mararrabar su ne ke ɗauko ganin gefen waje na kowane ido. In ƙari ya tsiro a jikin wannan ƙwayar waken ya girma, sama yake turawa, su yake fara dannewa. Shi ya sa gefe ke fara tafiya, tsakiya ta rage, mutum yana karatu yana zura allura yana kuma karo da bango. Ta ce ƙwayar idona babu yana, babu hawan jinin ido. Fitilar lafiyarta ƙalau, wayar da ke bayanta ake murƙushewa.

Hoton ƙwaƙwalwa na MRI ya tabbatar da zarginta. Ƙarin ya haura santimita 3, alhali da ya wuce santimita 1 ma babba ake kiransa. Baba na jin “ƙari a ƙwaƙwalwa” ya cire hula ya riƙe a hannu. Likitan ƙwaƙwalwa a asibitin koyarwar da aka tura mu ya kwantar masa da hankali, ya ce yawancin irin wannan ba ciwon daji ba ne, ba ya yaɗuwa zuwa wasu sassan jiki, ɓarnarsa ta matsi ce. Aka ɗebi jini. Sun so a ce irin ƙarin nan ne mai tsatso sinadarin ruwan nono da kansa, furolaktin, don shi sau da yawa ƙwayar magani kawai ke motsar da shi ba sai an yi aiki ba. Nawa bai zama shi ba. Sinadarin ya ɗan hau ne kawai saboda dannewar da ƙarin ya yi. Sai tiyata, kuma likitan ya ce jinkirin kowane mako yana da tsada.

Tsadar jinkiri daban, tsadar aiki daban. Wasu suka ce a tafi Indiya ko Masar, Baba ya yi murmushi kawai. Na gida ma kuɗinsa ya fi ƙarfinmu. Kuma sai abin ya faɗo daidai lokacin canjin kuɗi, farkon 2023, lokacin da mai kuɗi a banki ma yake kwana da yunwa. Baba ya sa gonarsa ta gado a kasuwa. Mai saye ya ce sai dai tiransifa, a tura kuɗi su maƙale a hanya, a yi kwanaki ana sintiri a ƙofar banki. Shanu biyu aka sayar da su a wulaƙance saboda mai tsabar kuɗi a hannu shi ke yanka farashi. Na sayar da kekena Butterfly da zoben da na yi adashi na saya. Matan Islamiyyarmu suka yi karo-karo, wata tsohuwa ta kawo tsofaffin takardun naira a ƙulle a bakin zane, ba ta ma san ko za su karɓu ba. Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare, na ga wannan da idona guda.

A cikin watanni ukun nan hazon idon hagu ya koma duhu. Kullum da asuba nakan rufe na dama in kalli ƙwan lantarki. Da farko ina ganin wani fari-fari. Wata safiya cikin Fabrairu na kalla babu komai, na tambayi ƙanwata ko an ɗauke wuta. Ta ce, “Akwai wuta, Yaya.”

Maganar aure ba zan ja ta ba. Mahaifiyar wanda zan aura ta zo dubiya da lemo, ta yi ta tambayar Inna ko mai ciwon ƙwaƙwalwa tana haihuwa, ko kuma abin yana taɓa hankali. Bayan mako biyu aka aiko wai a ɗan dakata sai na warke. Shi kuwa ya kira sau ɗaya, ya ce, “Ki yi haƙuri, ba yin kaina ba ne.” Mutane na cewa in gode Allah da na gane halinsa da wuri. Na gode. Amma ƙarya nake in na ce bai yi min ciwo ba, don ina sonsa.

An yi aikin a watan Maris. Inna ta sa rai za a aske min kai a fasa ƙoƙo, da aka ce ta hanci za a bi sai ta ɗauka ana lallashinta ne. Ta hancin kuwa aka bi, da siririyar na'ura mai kyamara, aka huda ƙashin da ke can ciki aka kwaso ƙarin ta ƙasa. Na farka hancina a toshe da auduga, ina numfashi ta baki, ga wata ƙishirwa da ban taɓa sanin irinta ba. In sha ruwa gora guda, kafin a jima ya fita, in sake nema. Nas-nas suna auna abin da na sha da abin da na fitar a rubuce. Suka ce ɓangaren fituwitari mai hana jiki zubar da ruwa ne ya ji taɓi, aka ba ni magani, bayan kwanaki ya lafa. Aka hana ni fyace hanci, aka hana ni sunkuyawa, makonni ina salla a zaune ba sujada. Aka ce in na ga ruwa garai-garai mai gishiri yana ɗiga ta hanci in dawo da gudu.

Kwana uku da aikin, wata nas ta taho ta damana da tire, sai na juya na kalle ta kafin ta yi magana. Na gan ta ta wutsiyar ido! Na riƙe hannunta ina dariya ina hawaye, ita ba ta ma san me ya faru ba. Idon dama ya dawo da wani yanki na gefensa, ya ci gaba da ƙaruwa kaɗan-kaɗan cikin watanni. Na hagu bai motsa ba. Likita ya ce kowace jijiyar gani tana da zaruruwa fiye da miliyan ɗaya. Waɗanda aka danne amma da sauran ransu, in an ɗage musu nauyi suna iya farfaɗowa. Waɗanda suka mutu ba sa tsirowa, babu gilashi ko wankin ido da zai dawo da su. Na ce, “Likita, da na zo tun lokacin da jinina ya ɗauke fa?” Ya ɗan yi shiru, ya gyara takardun gabansa, ya ce, “Mu gode wa Allah da wanda ya rage.” Na fahimci amsar.

A ɗakin maza na sashenmu akwai wani ɗalibin jami'a, bai wuce shekara 25 ba, mahaifiyarsa da Inna suka saba a wajen ɗibar ruwa. Nasa ƙarin a wani wuri daban yake, ya toshe hanyar ruwan ƙwaƙwalwa, matsi ya taru a cikin kai har ya kumbura jijiyoyin idonsa biyu. Shi da ciwon kai na asuba da amai ya fara, sai gani ya riƙa ɗaukewa na 'yan daƙiƙu in ya miƙe tsaye. An yi masa maganin taifot da maleriya ya fi a ƙirga. Kafin a gano, duka biyun sun tafi. Shi ne, a zaune a baranda, ya karɓi wayata yana lalube ya kunna min TalkBack, ya nuna min yadda waya ke karanta wa mutum saƙo. Ya ce zai koma ya ƙarasa digirinsa da kwamfuta mai magana. Yana ba'a yana cewa ni mai ido ɗaya sarauniya ce a sashen nan. Ranar na ji kunyar kukan da nake yi, ko da yake da dare ya yi na ci gaba da abina.

Azumi ya kama ina kwance a gida. Likita ya hana ni yi a shekarar saboda magunguna da sha'anin ruwa. Bara na yi ƙaryar shan azumi, bana ga ni ina shan kunu da rana tsaka, kowa na yi min sannu.

Watannin da suka biyo baya sun fi aikin wuya. Mai ido ɗaya ba ya gane nisa da kusa yadda ya saba. In zuba shayi ya sauka a gefen kofi. In miƙa hannu karɓar canji in kama iska. Matakala ta zama abokiyar gaba. Idon hagun a buɗe yake tar, ba wanda zai ce ba ya gani, don haka har yanzu akwai masu cewa na share su a hanya. Wasu kuma da suka ji labari suka koma yi min magana da ƙarfi kamar kunnen ne ya mutu. Na yi wata huɗu ban leƙa ƙofar gida ba. Baba ne kullum bayan la'asar zai zauna a bakin ɗakina ya yi ta ba ni labarin Abdullahi ɗan Ummi Maktum, makahon da aka saukar da farkon suratu Abasa a kansa, wanda ya yi ladanci a Madina. Wata rana na ce, “Baba, shi fa sahabi ne, ni tela ce.” Ya yi dariya har da tari. Washegari ya shigo da tsohon keken ɗinki da ya karɓo bashi.

Na koma ɗinki a hankali. Almakashi da tef da alli duk a gabana nake jera su, ba a gefe ba. Na sa ƙwai mai haske a saman keke. Yanka na fi jin tsoro, na ɓata shadda ɗaya ta mutane na biya, daga nan na koyi bin layin alli da yatsa kafin in sa almakashi. In zan tsallaka titi sai na juya kaina gaba ɗaya kamar mujiya, yaran unguwa har kwaikwayona suke. Yanzu ina da 'yan koyo uku.

Kullum da safe ina shan magungunan sinadaran jiki guda biyu, haidirokotizon da na tayirod, wata tsoka da ke maƙoshi, saboda abin da ya rage na fituwitarina ba ya iya aikinsa shi kaɗai. Na farkon an gargaɗe ni kada in kuskura in yanke shi, in zazzaɓi ya kama ni ma ƙara shi ake yi. Kuɗinsu na cin rabin abin da nake samu wani watan. Al'ada ta dawo da taimakon magani, kuma likitar ta ce in Allah ya kawo miji akwai hanyoyin da ake bi wajen neman haihuwa. Akwai ɗan guntun ƙarin da ba a iya cirowa ba saboda ya manne kusa da babbar jijiyar jini, shi ake bibiya da hoto duk shekara. Mako guda kafin ranar hoton ba na iya barcin kirki.

'Yan koyona sun san halina. Duk wadda ta cika yin karo da kujera ko ta yi ƙorafin ciwon kai, sai na zaunar da ita, in ce ta rufe ido ɗaya ta kalli hancina, in riƙa kawo yatsuna daga gefe. Suna dariya, ni ba na yi. Nakan kuma tambaye su abin da ba a saba tambaya ba, tun suna sunne kai har sun saba.

Kwanakin baya muna tsince shinkafa da Inna a tsakar gida, ba kowa sai mu biyu. Ba ta taɓa kiran sunana ba, ni ce 'yarta mace ta fari. Ta ce, “Ke, wai me ya hana ki gaya min tun farko?” Na ce, “Tsoro, Inna.” Ta daɗe tana juya shinkafar a faifai. Can ta ce, “Na sani fa. Tun wata na uku na lura ba kya shanya ƙyallenki, ina kuma jin motsin sallarki ta bayan ƙofa.” Na ɗago na juyo da fuskata gaba ɗaya don in gan ta sosai. Ta ce, “Na ji tsoron in tambaye ki, ki ba ni amsar da ba zan iya ɗauka ba.”

Ta sa gefen mayafi ta goge fuska. Na jawo faifan gabana, muka ci gaba da tsinta.